Bita Cikin Fari

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya sauka a farkon damina, muka yi shuka, gero ya tsiro ya yi kunne, sai sama ta bushe. Da hantsi ya yi ganyen yakan naɗe kamar an murza shi. Jiya na dawo daga duba gona raina a jagule, na tarar da autata Rukayya a gindin darbejiya, ta baje littattafai a tabarma, wayar yayanta a hannu, tana bitar jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare. Ko sannu da zuwa ba ta gama yi mini ba ta ce, "Baba, don Allah mene ne bambancin sifa da bayanau? Kullum sai sun rikice mini."

Na zauna na ce mata sifa suna take bayyanawa, bayanau kuma aikatau. Na ba ta misali da dogon yaro da ya gudu da sauri. Ta rubuta. Amma ni hankalina ya riga ya bar wurin, ya koma wata shekara da ni ma nake aji uku, sama ta yi irin wannan shirun, gidanmu kuma ba shi da ko rabin abin da muke da shi yau.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin daji sai iyakar da aka yi da gamba. Daminar da ta gabaci waccan ba ta yi kyau ba, don haka tun kafin bazara ta yi nisa Baba ya fara shiga rumbu da dukan jikinsa kafin ya taɓo dami. Inna ta sauya kwanon awo zuwa ƙarami ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Kokon safe ya tsinke har kana hango gindin kofi. Da rana kwaɗon zogale ne da ɗan ƙuli, tuwo kuwa sai da magariba, wani lokaci a cuɗa garin da dusa don ya auku. Ƙanwata Ladidi, wadda ba ta fi shekara tara ba, takan lashe kwano ta zauna tana kallon tukunya.

Zafin shekarar kuwa har yau ina jin sa a tafin ƙafata. Yashin hanya yakan ƙona mutum ta cikin silifa. Rijiyarmu ta ja baya, sai a zura guga a ɗebo laka. Dole aka koma kududdufin bayan gari, ruwan da shanu ke sha mu ma muke sha.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita da murna aka yi shuka. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone ƙurmus. Abin da ya rage mana na iri Inna ta zuba a tulu, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da yumɓu ta tura ƙarƙashin gado. Duk yunwar da aka yi a gidan ba wanda ya taɓa ambaton tulun nan, amma kowa ya san inda yake.

A cikin wannan hali kurkunu ta kama Baba. Yaran yanzu da suka tashi da rijiyar burtsatse ba su san ta ba. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare, da ake sha a ruwan kududdufi, sai shekara ta zagayo ta huda fata ta fara fitowa. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Baba guda biyu suka fito masa, ɗaya a idon sawu, ɗaya a ƙasan gwiwa. Mutumin da yake riga kowa isa gona ya koma kwance a zaure, ko alwala sai an kawo masa buta. Ni ne babba, ni kaɗai ne kuma namiji. Shekaruna goma sha biyar.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, a garin da ke gaba da mu, tafiyar ƙafa mai ɗan nisa, akwai rafi a tsakani wanda a lokacin yashi ne zalla. Malam Isiyaku, wani siririn mutumin Rimin Gado mai yawan gyaran murya, shi ke koya mana Hausa da Turanci duka, domin malamin Turanci ya tafi ba a kawo wani ba. Da jarrabawa ta matso ya ce zai yi mana bita tun daga tushe. Ya fara da baƙi da wasali, ya zo gaɓa, ya zo suna da wakilin suna da aikatau, aya da waƙafi da alamar tambaya. Muka fara gunaguni. Ni da ake ce wa gwanin karatu na ɗaga hannu na ce, "Malam, wannan ai na firamare ne."

Ya dube ni ya ce, "Haka ne? To Ado, tashi ka karanta mana shafin nan."

Labari ne na Turanci. Na karanta shi tiryan-tiryan ba gargada, har na ji wasu suna cewa kai. Malam ya karɓi littafin ya rufe.

"Madalla. To me ya faru a labarin?"

Na san akwai wani mutum, na san akwai kasuwa. Abin da ya kai shi kasuwar da abin da ya same shi, ban sani ba.

"Zauna," in ji shi, ba tare da tsawa ba. "Bakinka ya iya karatu, kanka ne bai iya ba tukuna. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A ɗakin jarrabawa ba wanda zai ji daɗin muryarku. Tambaya za a yi muku."

Daga ranar ya ɗora mu a kan hanya ɗaya. A kowace jimla mu nemo aikatau tukuna, wato me aka yi. Sannan wa ya yi. Sannan a ina, ko ga wa. Inda muka ga aya mu tsaya, mu faɗa wa kanmu da Hausa abin da muka fahimta kafin mu wuce. In sakin layi ya ƙare, mu taƙaita shi a jimla ɗaya. Haka muke yi kullum a ƙarƙashin kwanon da ke tiriri, cikinmu yana kuka, wasu suna gyangyaɗi saboda yunwa ba don lalaci ba. Ajin kuma kullum raguwa yake. Yau a ce wane ya bi yayansa birni neman aikin ƙarfi, gobe a ce wance an tura ta wurin kakarta inda ake da ɗan abinci.

Akwai ranar da ba na mantawa. Malam yana nuna mana yadda kalma ɗaya kan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya, sai jimla ce ke raba gardama. Ya rubuta "fari" a allo ya ce kowa ya sa ta a jimla. Wani ya ce, "Na sayi farin yadi." Wata ta ce, "Tun da fari na gaya maka." Sai wani yaro daga bayan aji ya ce a hankali, "Fari ya kashe mana gero."

Malam ya gyara riƙon allin da ke hannunsa. Sannan ya rubuta jimlar a allo yadda aka faɗe ta, ya ce, "Daidai ne. Ina aikatau?" Muka amsa da murya ƙasa-ƙasa, "Kashe."

Ana cikin haka Baffa Haruna, yayan Baba, ya zo duba shi. Ina tsakar gida ina jiyo su. Baffa ba mugu ba ne, shi ma nasa gidan cike yake da bakuna, kuma gaskiya yake faɗa iyakar ganinsa.

"Ka dubi ƙafarka," in ji shi. "Damina ta yi nisa. Duk ranar da ruwa ya dawo, wanda bai shuka a wannan laimar ba ya yi asarar shekara. Ni da yarana namu gonakin za mu fara, ka sani. Wa zai shuka taka? Irin da ya rage maka na ƙarshe ne. Yaron nan ya zauna gida ya gyara gona, ya jira ruwa."

Da Baffa ya tafi Baba ya kira ni. Da yake ni ɗan fari ne, shi da Inna ba sa kama sunana. Ya ce, "Kai, ka ji abin da Baffanka ya ce. Daga gobe ka huta da zuwa."

Ban yi musu ba, a gidanmu ba a yi. Na kwana biyu ina sassabe da tattara tushiya a gonar da ba ta da ɗigon laima, ina yi ina nemo aikatau a cikin jimlolin da nake ƙirƙira a kaina. Rannan da la'asar sai ga Malam Isiyaku a kan kekensa, wandonsa ɗaure da roba. Ya yi sallama ya zauna a ƙasa kusa da Baba, ya yi masa sannu, ya tambayi ƙafa, suka yi zancen ruwa. Sai can ya gyara murya.

"Baba, na zo ne a kan Ado. Ba zan ce maka gona ba ta da muhimmanci ba, ni ma ɗan manomi ne. Amma shekara uku yaron nan yana taka hanyar nan. Sai yanzu kansa ya fara buɗewa. In bai zauna jarrabawar nan ba sai dai ya maimaita shekara."

"Gidan nan ba gidan maimaita shekara ba ne, Malam," in ji Baba.

"Shi ya sa na zo."

"To in ruwa ya sauka fa? Kai za ka shuka mini?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Kwanakin nan ina wurin jarrabawa da sauran yara."

Baba ya dubi tsinken da ke ƙafarsa. Sannan ya ce, "Ya je. Muddin sama ba ta zubar ba, naka ne. Ranar da ta zubar, ko ana tsakiyar jarrabawa, washegari yana gona. Ka yarda?"

"Na yarda," in ji Malam, domin ba shi da abin da ya fi haka.

Daga nan na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Gidanmu ruwa yake jira, Ladidi ta rame har wuyanta ya yi tsawo, ni ma ruwan nake so. Amma duk safiya in na fito sai na ɗaga kai na dubi gabas ina fargabar ganin hadari. Ranar da aka fita roƙon ruwa a filin idi, tsofaffi da yara har da awaki, mutane sun juya rigunansu bai-bai, liman yana addu'a, na ɗaga hannu na ce amin da gaske. Sai dai ina saukewa na tuna abin da amsar addu'ar za ta ɗauke mini.

Aka fara jarrabawa cikin rana tsantsa. Muka yi Lissafi, muka yi wasu, sama ba ta ce komai ba. Saura Turanci, washegarinta Hausa, sai ragowar biyu a bayansu. Ranar Turanci na tashi na ji iskar ta sauya. Ba ta motsi ko kaɗan, ta yi nauyi, gumi yana tsattsafowa tun kafin rana ta fito. Can gabas an yi wani baƙi siriri a gindin sama. Na wuce ta zaure na gaida Baba. Shi ma wurin yake kallo ta ƙofa.

"Bai sauka ba tukuna," in ji shi. "Je ka."

Inna ta miƙo mini ɗan ƙanzo a ƙulle a leda ba ta dube ni ba.

An raba takardu, na fara da auna fahimta. Labarin wata mata ce da ɗanta ya ɓata a tashar mota. Na bi shi yadda aka koya mana, ina tsayawa a kowace aya, kuma a karo na farko na ji ina ganin abin da nake karantawa. Na gama sakin layi na biyu ke nan ɗakin ya yi duhu. Iska ta bugo taga, takardun wasu suka tashi. Sai ƙamshin ƙasa ya shigo. Sannan ɗigo ɗaya a kan kwano, na biyu, sai kuma kamar an juye tsakuwa.

Duk ɗakin aka ɗago kai. Wani ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Yara biyu daga ƙauyen da ke bayan namu suka miƙe tsaye. Mai sa ido, wani baƙo da aka turo, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar kwano, ya ce duk wanda ya fita ba zai dawo ba. Ɗaya ya koma ya zauna. Ɗayan ya ajiye biro ya fita cikin ruwan, muna kallonsa ta taga yana gudu. Malam Isiyaku yana tsaye a baranda, ba a yarda ya shigo ba, ruwa yana feshinsa. Idonmu ya haɗu. Bai yi mini wata alama ba.

Na mai da kai kan takarda, kalmomin suka koma baƙaƙen tsutsotsi. Tulun Inna nake gani, da gonarmu tana shan ruwa ba kowa a cikinta, da jarrabawar gobe da ba zan zauna ba. Na ce a raina to mene ne amfanin gama wannan. Rufin yana yoyo daidai gefen tebur ɗina, na ja takardar gefe. Ban san abin da zan yi ba, sai na sa yatsa a kan jimlar da na tsaya, na tambayi kaina me aka yi a nan. Matar ta kira. Wa ta kira? Ɗan dako. Na bi ta haka, jimla bayan jimla, kamar mai tafiya a santsi, har na kai ƙarshe. Na amsa tambayoyin, na yi na nahawu, na rubuta insha'i. Abin da na rubuta a insha'in ban tuna ba.

Ana karɓar takardu na fita da gudu. Ruwa ya tsagaita, ya koma yayyafi. Rafin da na tsallaka da safe a kan yashi ya kawo har ƙuguna, ja wur, yana jan ƙafata. Na ɗora rigata a ka na ratsa. Ina tafe ina ganin mutane a gonaki ko'ina, ba wanda ya jira gobe, kowa ya duƙa. Na shirya abin da zan ce wa Baba: na gode, na yi Turanci, gobe da asuba ina gona.

Zaure ba kowa. Tabarmar Baba tana nan, butarsa tana nan, shi ba ya nan. Na shiga cikin gida ina sallama, shiru. A ɗakin Inna na ga tulun a tsakar ɗaki, an fasa yumɓun, ba komai a ciki. Na juya na nufi gona.

Tun daga nesa na hango su. Inna, wadda tunda aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta taka gona ba, tana gaba da sungumi, ta ɗaure zane a ƙirji, ta kifa malafar Baba a kan mayafinta, tana sara rami tana matsawa. Baba yana bayanta zaune a kan buhu, ƙwaryar iri a cinyarsa, yana dogara hannu yana jan jiki a cikin taɓo, yana jefa iri a kowane rami. Ƙafar nan mai ciwo ya naɗe ta da tsumma, tsumman ya zama laka. Ladidi tana biye tana rufewa da diddige. Jakin maƙwabcinmu da aka ɗauko Baba a kai yana ɗaure a gindin gawo.

Baffa Haruna yana tsaye a kan iyaka, ya baro tasa shukar, yana faɗa. "Wannan wane irin abu ne? Matarka a gona gari yana kallo? Kai kuma za ka kashe ƙafarka! Da kun jira zuwa jibi da na turo yara."

"Jibi ƙasa ta sha iska, Yaya," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Ni na ce ta fito."

"Ba shi ya ce ba," in ji Inna, ita ma ba ta juyo ba. "Ni na ce zan fito. Ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba."

Na ƙarasa na durƙusa a gaban Baba. Fuskarsa ta yi fari fat saboda azaba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka gama ta yau?"

"Na gama, Baba."

"Gobe wacce?"

"Hausa. Amma Baba, ai an yi alkawari, gobe ina..."

"Da Malam na yi alkawari, ba da kai ba. Karɓi sungumin nan, hannun uwarka ya fashe. Abin da muka samu kafin magariba mun samu, sauran ita da yarinyar nan za su ƙarasa da safe. Kai ka tafi ka yi Hausarka."

Na karɓi sungumin. Ƙotar ta yi jini inda Inna ta riƙe. Ta karɓi ƙwaryar daga hannun Baba, muka ci gaba. Baffa ya yi tsaki ya tafi, can kuma sai ga babban ɗansa ya zo da nasa sungumin ya kama layi.

Na zauna sauran jarrabawar, na kuma ci, har na wuce gaba na zama malamin makaranta. Ba mu yi wata babbar kaka ba a shekarar, amma abin da muka girbe ya kai mu. Ƙafar Baba ce ba ta koma daidai ba. Lakar ta shiga ciwon, tsutsar ta ƙasan gwiwa ta tsinke, ya yi watanni a kwance, da ya tashi kuma gwiwar ta sandare. Da ɗingishi ya yi sauran rayuwarsa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa danganta shi da karatuna ba.

Da geron ya tashi, sai aikin ranar ya fito fili. Gonakin maƙwabta layi-layi suke kamar an ja da igiya. Tamu kuwa, ɓangaren da Inna ta sara, layukan sun karkace, wani ya shige cikin wani, wani wurin ya yi cunkus wani ya yi gibi. Duk wanda ya bi ta hanyar sai ya tsaya ya duba. Wata rana na kai Baba gonar a kan jaki don ya ga yabanya, sai wani dattijo mai wucewa ya yi dariya ya ce, "Malam, wane makaho ne ya yi maka wannan shukar?"

Baba ya gyara zama a kan jakin, ya dubi karkatattun layukan nan har ƙarshensu, ya ce, "Ni da mai ɗakina ne. Kuma ba a taɓa yi mini wadda ta fi ta ba."